Ƙadandoniya ta cika mana gida tun saukar damina, yaya za mu yi da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bara muka tare a sabon gidanmu a bayan garin Zariya, unguwar da a da duk gonaki ne. Tun da ruwa ya sauka bana ƙadandoniya ta addabe mu. Kullum da safe sai na share kusan cikin kwano a tsakar gida da baranda, har ɗaki da kicin take shiga. Na yi feshin fiya-fiya, na zuba kananzir a bakin ƙofa, washegari kamar ban yi komai ba. Shekaranjiya yarona ɗan shekara biyu ya damƙi wata, tafin hannunsa ya yi baƙi. Maƙwabciyata ta ce dafi ne, wata kuma ta ce turo mana ita aka yi. Don Allah a taimaka mini da bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa alheri a sabon gida. Bari mu fara da hannun yaron, don na san shi ne ya fi tsaya miki a rai.

Ƙadandoniya ba ta cizo, ba ta harbi. Ba ta da ƙari irin na kunama, bakinta kuma na cin ruɓaɓɓen ganye ne, ba ya iya huda fatar mutum. Makaminta biyu ne kawai. In an taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo, ta ɓoye kai da ƙafafu a ciki. In an matsa mata kuma sai ta tsatso wani ruwa mai wari daga wasu ƙananan ƙofofi da ke jere a gefen jikinta. A manyan nan masu jiki zagayayye, baƙaƙe ko masu ja-ja, ruwan yana ɗauke da sinadarin da ake kira benzokwinon, wanda ke rina fata kamar yadda lalle ke yi. Baƙin da kika gani a hannun yaro rini ne a saman fata, bai shiga jini ba. Ki wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ki ƙyale shi. Zai yi ta dusashewa da kansa, wani a 'yan kwanaki, wani sai ya yi makonni. Kada a dirje da kananzir ko bilic, kada a tsaga, kada a ɗaure hannun. In wurin ya yi bororo ko ya kumbura, ko yaron yana ta kuka yana nuna zafi, a kai shi asibiti a faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Inda nake so ki sa lura sosai shi ne ido. Yaro ya damƙi ƙadandoniya sannan ya murza ido, wannan ruwan yana ƙona ido ƙwarai. In hakan ta faru, a kwantar da shi a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta a idon kamar minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a nufi asibiti ko da ya yi shiru. In baki ya kai ta, a wanke masa bakin a lura da shi. In ta faɗa cikin miya ko randa, a zubar, a wanke mazubin. Sai takalmi: a riƙa kakkaɓe shi da safe kafin a sa. Likitoci sun sha ganin mutum ya zo hankali a tashe da yatsun ƙafa baƙi ƙirin, ana zaton jini ne ya daina zuwa wurin, ashe ƙadandoniya ya murƙushe a cikin takalmi ya yini da ita.

Ki tabbata dai ƙadandoniyar ce, ba shanshani ba, don shi kam yana cizo kuma cizonsa da zafi. Bambanta su ba wuya. Shanshani jikinsa a baje yake, ƙafafunsa dogaye ne sun fito ta gefe, kowace gaɓa ƙafa biyu, ga gudu kamar an kora shi. Ƙadandoniya kuwa kowace gaɓa ƙafa huɗu gare ta, biyu dama biyu hagu, gajeru a ƙarƙashin jiki, tafiyarta a natse kamar ba ta da inda za ta. Turawa suna kiranta mai ƙafa dubu, amma irin da muke gani a gidajenmu galibi ƙafafunsu ba sa wuce ɗari biyu zuwa ɗari uku. Sai a 2021 aka bayyana wata 'yar siririya da aka zaƙulo daga rami mai zurfin mita 60 a yammacin Ostireliya, aka ƙirga mata ƙafa 1,306. Kafin ita babu wadda aka taɓa samu ta kai dubun.

To me ya tara ta a gidanki? Amsar tana cikin tambayarki, inda kika ce unguwar a da gonaki ne. Ƙadandoniya 'yar ƙasa ce. A cikin ƙasa take ƙwai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe da ƙafa shida kacal, duk sanda suka yi saɓa su ƙara gaɓoɓi da ƙafafu, kuma manyan nau'o'in suna shekaru a raye. Da rani ba mutuwa take yi ba. Nutsewa take yi can ƙasa inda da sauran laima, ko ta shige tsohon suri ko gindin itace, ta naɗe ta jira. Ruwan farko na sauka, ƙasa ta jiƙa, sai su fito gaba ɗaya neman abinci da barbara. Ƙasar da aka shekara da shekaru ana zuba mata taki ana barin kara da harawa suna ruɓewa a kanta, cike take da su. Aka zo aka yanka fulotai aka ɗora bulo a kai. Ku ne baƙi a wurin, Hajiya, ita kuka tarar. Don haka maganar turowa ki ajiye ta gefe. Ki leƙa gidan ita maƙwabciyar da ta faɗa miki haka da sassafe kafin ta yi shara, ko ki duba kangon da ke kusa da ku, za ki ga abin da kike gani a naki.

Akwai abu guda game da jikinta wanda in kika riƙe shi, sauran bayanin duk zai zo miki da sauƙi. Kyankyaso da ƙwaro irin su buzuzu suna da wani maiƙo a bayan jikinsu da ke hana ruwan jiki fita. Yawancin ƙadandoniya ba su da shi sosai, ƙofofin numfashinsu kuma ba sa rufuwa. Saboda haka bushewa ce ajalinta. Shi ya sa take yawo da dare, rana na fitowa ta nemi ƙarƙashin wani abu mai danshi. Amma kuma ruwa in ya yi yawa, kamar yadda ake yi a Zariya cikin Agusta, ƙasa ta cika ta tumbatsa, numfashi ya gagare ta a rami, sai ta hauro sama tana neman tudu, ta bi katanga, ta bi dakali, ta faɗo ɗaki. Wadda ta shigo ɗakinki ɓatan kai ta yi. Ba ta cin hatsi busasshe, ba ta cin tufafi, ba ta cin katako mai lafiya, ba ta ƙwai a kan siminti ko tayil. In ɗakin a bushe yake, kwana ɗaya ko biyu za ki tsince ta a lungu ta naɗe ta mutu.

Kin ga ke nan feshin da kike yi a ɗaki, abin da zai mutu da kansa kike kashewa, waɗanda za su shigo gobe kuwa suna can waje ba abin da ya same su. Ga shi kuma maganin ya fi ƙadandoniyar haɗari nesa ba kusa ba. Fiya-fiyar da ake sayarwa a 'yan kwalabe marasa takarda galibi sinadarin dikulobos ne aka sirka da kananzir ko wani abin da mai haɗawa kaɗai ya sani. Dikulobos ɗin ne kuma ke cikin maganin ƙwarin nan Sniper, wanda a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantunan unguwa, ta mayar da shi hannun dillalan kayan gona, saboda yawan rayukan da ake rasawa ta dalilinsa. Yaro ɗan shekara biyu a ƙasa yake wasa, hannunsa daga daɓe sai baki. Ana gudun gara a faɗa gidan zago ke nan. Ƙwayar nan kuma da ake jefawa cikin buhun wake ko masara, mai fitar da iskar guba, ko da wasa kada wani ya ba ki shawarar ajiye ta a ɗakin kwana. Ta kashe mutane a cikin barci. Kananzir a bakin ƙofa kusa da kicin neman gobara ne, baƙin mai kuma ƙasa yake ɓatawa ya gangara rijiya.

Aikin a waje yake. Abin da nake yi duk gidan da aka kira ni kan wannan matsalar shi ne in ce a ba ni tocila, mu zagaya bayan sallar isha'i, don a lokacin ne ake ganin daga inda suke fitowa da hanyar da suke bi. Ke ma ki yi haka da maigida, dare ɗaya ya isa. Da rana kuma ki bi jikin katanga ciki da waje, duk abin da ke zaune a ƙasa ki ɗaga shi ki duba ƙarƙashinsa. Na taɓa zuwa wani gida da maigidan ya yi ta kashe kuɗi yana kiran masu feshi har sau uku a damina ɗaya. Muka zagaya baya, sai ga ragowar bulo da katakon rufi da buhunan siminti da magina suka bari, an jingine su a jikin bangon ɗakin kwana, ciyawa ta rufe su, indararo kuma a kansu yake zuba. Da muka ɗaga bulo na farko, matar gidan sai da ta ja da baya tana salati. Yara biyu da baro suka kwashe kayan a yini ɗaya, aka gyara inda ruwan ke zuba. Bayan mako guda ya ce mini sai dai a ga ɗaya ko biyu.

A sabon gida irin naki, wuraren da nake zargi tun kafin in gani su ne ragowar kayan gini, tarin itacen girki ko kara da aka zube a ƙasa, ƙarƙashin randa da durom, inda ake wanke-wanke, bakin rariya, gefen sokawe, gindin tankin ruwa in yana ambaliya, turken awaki da akurkin kaji, da jujin da ake tara shara. Itace a ɗora shi a kan bulo ko ƙarfe ya tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya ko biyu, a kuma janye shi daga jikin bango. Randa a yi mata mazauni mai tsayi yadda iska za ta riƙa ratsa ƙarƙashinta. Takin dabbobi a riƙa kwashewa a kai a kai, kada a bar shi ya yi tudu yana jiƙa. Ɓawon mangwaro, na kankana, ragowar ganyen miya da dusar da ta jiƙa, duk abincinta ne, kada su kwana a tsakar gida.

Sannan ki sa a yi wa ginin abin da nake kira ɗamara: a share duk kewayen bango, faɗin kamar mita ɗaya, ba ciyawa, ba ganye, ba tukunyar fulawa, ba komai. In da hali a yi masa daɓen siminti mai gangare zuwa waje. In babu, a zuba marmara ko tsakuwa a daddaɓe. Manufar ita ce duk wadda za ta iso bango sai ta ratsa fili busasshe. Na san mata da son shuka fulawa da lalle da zogale a jikin bango, ni ma ina so, amma a matsar da su gaba kaɗan, kuma ban-ruwa a yi shi da safe don ƙasar ta sha iska kafin dare. Ruwan indararo a sa masa bututu ko a yi masa hanya ya fice daga gidan, kada ya riƙa tona rami a gindin gini. Wannan ko ba don ƙadandoniya ba, ginin kansa zai gode miki.

Fulotin da ba a gina ba a maƙwabta, wanda ya zama daji kuma bolar unguwa, shi ne abin da ya fi wuya, don ba naku ba ne. Ko mai shi bai zo ba, maigida ya sa a nome abin da ke jikin katangarku ta waje, faɗin mita biyu ko uku. In maƙwabta za su haɗa hannu a yi gayya a share duka, ya fi, don har sauro da macizai za su ragu.

Sai hanyar shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ita ko tsagewar ba ta buƙata, ƙarƙashin ƙofa ya ishe ta. Ƙofofin ƙarfen nan da masu walda ke yi kusan duk suna barin sarari a ƙasa da yatsa zai shige. Da dare ki kunna fitilar ɗaki ki fita waje ki duba, duk inda haske ya fito, nan take bi. A samu robar tsohuwar taya ko tif a yanka a ɗaure a ƙasan ƙofar ta riƙa share daɓe, ko magini ya ɗaga dokin ƙofa. Kafin a yi wannan, tsohon zani busasshe da aka naɗe aka toshe wurin da dare yana aiki, amma a ɗauke shi da safe a shanya, don in ya jiƙa ya zama masauki. Rariyar banɗaki da ta tsakar gida a sa musu raga. Inda bututun famfo ya huda bango a cike da siminti. In bangon ƙasa ne, a bi tsagogin gindinsa a yaɓe.

Wata dabara da ba a cika sani ba: ƙadandoniya ba ta iya hawa abu mai santsi sosai. Filasta mai kaushi da bulo tsirara tsani ne a wurinta, amma tayil mai sheƙi ko faffaɗan salatif mai santsi yana kayar da ita. Layi ɗaya na tayil a fuskar dakalin baranda da matakalar ƙofa, in an haɗa bakinsu da kyau ba a bar kaushi a tsakani ba, yana rage masu haurowa ƙwarai. Ki lura kuma da fitilar waje. Wasu nau'o'in ƙadandoniyar, haske na jan su da dare. In kin ga sun fi taruwa a ƙarƙashin ƙwan da ke bakin ƙofa, a mayar da shi can jikin katanga nesa da ɗaki. Masu kwana a ƙasa, musamman yara, a sa musu gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.

Waɗanda suka riga suka shigo, tsintsiya ce maganinsu. Kada a take su, don suna ɓata daɓe da tabo ga wari, kuma kada yara su ɗauka da hannu. A share cikin bokiti. In kina so ki kashe, ruwan omo a bokitin ya isa. In kuma akwai daji ko gona nesa da gida, a kai can a zubar, don a can amfani gare su: su ne ke cinye ruɓaɓɓen ganye su mayar da shi taki. Kina iya rage su da tarko ma. Ki jiƙa tsohon buhu ko tsumma ki shimfiɗa a can ƙarshen gida da yamma, ki sa ɓawon gwanda ko na kankana a ƙarƙashi. Ko a binne tsohon bokitin fenti bakinsa daidai da ƙasa, a jefa ɓawon a ciki, a ɗora katako a kai a bar 'yar ƙofa. Da safe a kwashe abin da ya taru. Sharaɗin tarko dai a duba shi kullum, in ba haka ba kin gina musu gida ne da hannunki.

Toka fa? Ana yawan tambayata. Busasshiyar toka da aka zagaya da ita a bakin ƙofa tana ɗan hana su, don ba sa son abin da ke tsotse musu ruwan jiki. Amma da ta sha raɓa ko yayyafi ta tashi daga aiki, a damina kuwa yaushe za ta zauna a bushe? A baranda mai rufi tana da ɗan amfani. Gishiri kuwa asara ne kawai, ga kashe shuka. Kaji ma kada ki dogara da su, warin nan da ɗacinsa ba don ado Allah ya ba ta ba. Kwaɗo da bushiya dai in kin gan su a bayan gida ki ƙyale su, ma'aikatanki ne da ba a biya.

Ban ce ba a feshi sam ba. In an yi duk abin da na lissafa kuma har yanzu suna kwararowa daga fili ko gonar da ba ku da iko da ita, ana iya yi, amma a waje kawai. A je shagon kayan gona na gaskiya a nemi maganin ƙwari mai lambar NAFDAC daga dangin da ake kira fairetiroid, irin su lamda-sihalotirin ko saifametirin. A haɗa shi daidai yadda takardar jikin kwalbar ta ce, ba yadda mai shago ya ƙiyasta ba. A fesa a gindin katanga ta waje da ƙasar da ke jikinta, da yamma, ranar da ba hadari. Mai feshin ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu da takalmi, ya yi wanka bayan ya gama. Yara da kaji da kyanwa kada su je wurin sai ya bushe. Kada a kusanci rijiya, kuma in kuna kiwon kifi a gidan ku manta da wannan shawarar gaba ɗaya, don ɗan kaɗan ke kashe kifi. Ki sani kuma ruwan sama biyu ko uku masu ƙarfi za su wanke shi. Feshin da aka yi ba a kwashe tarkace ba, zubar da kuɗi ne.

Tun da a tsohuwar gona kuke, wataƙila kuna ɗan shuka a bayan gida, to a nan ne ƙadandoniya ke iya yin ɓarna ta gaske. Manoman gyaɗa daga Senegal har Nijar da arewacin Nijeriya sun san ta. Tana cin irin da aka shuka da tsiron da ya fara fitowa, na gyaɗa da na gero, daga baya kuma ta huda 'ya'yan gyaɗa tun ɓawonsu bai yi ƙwari ba. Ta wannan hudar funfuna ke shiga, irin mai haifar da gubar aflatoksin da ke lalata hanta. Takan kuma rarake dankali da rogon da aka bari a ƙasa ya wuce lokaci. In za ku shuka, a wanke irin da maganin iri na leda da ake sayarwa, a yi amfani da takin da ya gama ruɓewa, a cire amfanin gona da ya nuna, gyaɗar da aka ga ta huje kuma a ware ta, kada a ci, kada a ba dabba.

In abin ya ishe ki, ki tuna akwai waɗanda tasu ta fi taki. A tsaunukan tsakiyar Japan akwai wata irin da ke fitowa duk bayan shekara takwas, ta rufe layin dogo har jirgin ƙasa ya kasa tafiya saboda santsi, abin da aka fara rubutawa tun 1920.

Taku ba za ta kai haka ba. In an kwashe tarkace an toshe ƙofofi, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga bambanci, ko da yake duk daren da aka yi ruwa mai yawa za ki tashi ki tarar da wasu. Zuwa Oktoba in ruwa ya ɗauke za su koma ƙasa da kansu, da hunturu ko ɗaya ba za ki gani ba. Kada wannan ya sa a saki jiki, suna nan a ƙarƙashinku. Aikin siminti, gyaran indararo, ɗaga dokin ƙofa da kwashe juji, a yi su cikin Maris ko Afrilu kafin ruwan farko. Yadda unguwar ke cika da gine-gine ana daɓe ƙasa, haka za su riƙa raguwa shekara bayan shekara. Allah ya ba yaron lafiya, a kuma yanke masa farce, don rinin yakan daɗe a ƙarƙashinsa fiye da kan fata.